Kai yara ganin namun daji a Lekki: ilimi ne ko ɗaukar hoto kawai?

Malam_Nura_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ni malami ne a wata makaranta a nan Agege, muna haɗa boko da Islamiyya. An ɗora mini shirya fitar ƙarshen zango ta 'yan aji biyar da shida, kuma an tsayar da cewa wurin kiyaye namun daji na Lekki za a kai su. Iyaye har sun fara biyan kuɗin mota. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, za mu kwashi yara mu ƙona mai tun daga Agege har Lekki, a ci shinkafa, a sha fiya wata, a yi hotuna, a dawo. To me yaro ya ƙaru da shi? Kuma anya ba ɓarna za mu ƙara wa wurin ba da sunan koyon kiyaye shi? Wanda ya taɓa kai yara, ko yake da sani a kan abin, ya taimaka mini.

Hajiya_UmmuSadiq:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah ku kai su. Yaran nan namu da aka haifa a Legas, wani tunda ya zo duniya bai taɓa tsayawa inda ba ya jin ƙarar janareta ko hon ɗin danfo ba. Nawa sun je da makarantarsu. Autata ta dawo ta cika mu da labarin wani kunkuru da aka ce musu ya girmi kakanta. Daga ranar ta hana yayyenta jifan ƙadangarun da ke bangon gidanmu. Ni a wurina wannan ma ƙaruwa ce.

Bilkisu_Akoka:
Malam, ina karanta ilimin dabbobi ne a jami'a, bari in faɗi ɗan abin da na sani. Wurin na gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya ne, wadda ake kira NCF, kuma a 1990 aka kafa shi. Duka faɗinsa hekta 78 ne. Idan ka shiga za ka ga an shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, ba a taka ƙasa. Wannan kansa darasi ne: an yi ta ne don ƙafafun mutane kada su danne saiwoyi su kashe ƙananan halittun da ke cikin laka. Sai kuma gadar sama mai lilo, tsawonta mita 401, wadda kowa yake zuwa dominta. Ku tambaya tun kafin ranar ko shekarun yaranku sun kai na hawa, don kada su sa rai.

Amma babban abin da nake so ka nuna musu ba biri ba ne. Ka sa su lura da hanya tun daga mota: rukunin gidaje, shaguna, kwalta, tifofin yashi. Sannan idan sun shiga ciki ka ce musu, da can yawancin yankin nan haka yake, fadama da kurmi. Fadama ita ke shanye ruwan sama ta sake shi a hankali. Da aka cike ta da yashi aka yi gini, ruwan bai da wurin zuwa sai titi da falon mutane. Yaron da ya taɓa ganin ambaliya a layinsu zai gane wannan nan take.

DanAlkaleri:
Ni fa ban ga abin gani a hekta 78 ba. In dai namun daji ake so yara su gani, Yankari ce. Gandun dajin gwamnatin tarayya guda, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, dorina, ga ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana. Yaro ya ga giwa da idonsa, gani ya kori ji.

Sagir_Obalende:
@DanAlkaleri Yankari ba ta hannun tarayya yanzu. Ta zama ta tarayya a 1991, amma an mayar wa jihar Bauchi tun 2006. Sannan ɗan'uwa, daga Agege zuwa Bauchi da yara 'yan shekara goma? Wane uba ne zai sa hannu a wannan hanyar?

DanAlkaleri:
Ko a hannun wa take, giwayen na nan. Maganar hanya kuma gaskiyarka ce, amma ai yaran nan suna zuwa gida hutu. Wanda iyayensa 'yan Bauchi ne ko Gombe ko Jos, a kai shi. Abin kunya ne yaro ya san zakin da ke cikin talabijin na Kenya bai san akwai Yankari ba.

Hajiya_UmmuSadiq:
Wannan kam haka ne.

Bilkisu_Akoka:
Tunda an ambaci Yankari, duk wanda ya kwana a sansanin Wikki ya san yadda gwaggon biri yake fizge leda a hannun mutum. Ba haka Allah ya halicce shi ba, mu baƙi ne muka koya masa. Kullum ana miƙa masa biskit don a yi hoto, ya daina tsoron mutum, ya gane cewa leda tana nufin abinci. Haka birai ƙanana na Lekki za su zama in kowane bas na 'yan makaranta ya ba su abu. Illar ba ɗaya ba ce. Suna iya cizon yaro. Cuta tana iya tsallakawa daga mu zuwa su, ko daga su zuwa mu, don jikinmu da nasu kusa suke. Kuma biri da ke cin 'ya'yan itace yana kashin irin a wani wuri, da haka kurmi ke sake tsirowa. In ya koma dogara da cincin ɗin yara, wannan aikin ya ragu. Malam Nura, wannan ita ce doka ta farko: ba a ba dabba komai, ko ɓawon ayaba.

Garba_Mile12:
Ku yi haƙuri, ni zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kun san yadda kuɗin mota ya koma. Uban yaro yana dako ko yana tura baro a kasuwa, da ƙyar yake haɗa kuɗin makaranta, sai a ce ya kawo kuɗin zuwa kallon biri? Wannan harkar kare dabbobi ta waɗanda suka ƙoshi ce. Mu a nan kasuwa kwandon tumatir nawa ke ruɓewa kullum saboda mota ta kwana a hanya, wa ya damu? A fara kare ɗan Adam tukuna.

Yar_Nguru:
Yaya Garba, na ji zafin maganarka, amma ban yarda cewa ta masu ƙoshi ba ce. Ni 'yar masunci ce. Fadamar Hadeja da Nguru ita ta ciyar da mu: kifi, shinkafa, kiwo da rani, har da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu, irin waɗanda ake zuwa gani a Dagona, wurin kiyaye tsuntsaye da ke jihar Yobe. Da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya canza. Maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai wasu wurare suka daina samun ambaliyar da suka saba, wasu kuma ruwa ya zauna musu shekara zagaye. Nan kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wuri. Ta toshe hanyoyin ruwa, jirgi ba ya wucewa, ta cinye gonaki, ga tsuntsayen jan baki suna kwana a cikinta su fito su cinye hatsi. Ka tambayi masu dako a kasuwarku nawa ne 'yan wajenmu da suka bar kamun kifi da noma saboda haka. Lalacewar muhalli talaka take fara kayarwa, mai kuɗi ya sayi kifin kanti.

Garba_Mile12:
Ƙanwata, wannan na yarda da ke. Amma dam gwamnati ta yi. Me ya haɗa shi da ɗan aji biyar a Agege?

Yar_Nguru:
Ɗan aji biyar ɗin ne injiniyan gobe da kansilan gobe. Waɗanda suka zana dam ɗin ma ai sun yi aji biyar.

Baba_Mahauci:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji ana ta maganar biri da giwa, ba wanda ya ambaci ungulu. Ni a fawa na tashi. A mahautar garinmu a Arewa, kafin mu fara yanka da asuba sun riga sun jeru a kan katanga da rufin kwano. Kana jefar da abin da ba a so, za ta diro ta yi tsalle biyu, ta ja da baki, wata ta zo su yi ta kokawa. Ba sa tsoronmu, mu ma ba ma korarsu. Kafin azahar wurin ya yi fes, ba wari, ƙuda kaɗan. Leburorin tsafta ne da ba a biyansu ko kwabo. Yau ka je mahautar nan, ko ka zo inda muke aiki a nan Legas, ka ɗaga kai. Balbela za ka gani da shirwa. Jikan nan nawa mai rubutu bai taɓa ganin ungulu a sama ba. Malam, in za ka koya wa yara wani abu, ka tambaye su ina ungulu ta tafi.

Bilkisu_Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani da ido shi masana suka tabbatar. Irin ungulun nan ta mahauta, tun 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke daf da ƙarewa a duniya. A ƙasashenmu abu biyu ne suka fi kashe ta: guba da ake sa wa mushe, da kuma kama ta da ake yi ana sayar da kai da ƙafa da gashi ga masu tsibbu. Ga shi ba ta da yawan haihuwa, ƙwai ɗaya take yi, don haka in aka kashe manya ba a saurin mayar da gurbi. A Indiya wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe musu fiye da kashi 90 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulu da ke cin mushen shanun, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita.

Sagir_Obalende:
To nan fa za mu faɗa wa kanmu gaskiya. Su wa ke kawo kawunan ungulu kasuwannin Kudu? Su wa ke yawo da aku a keji suna tallarsa? Su wa ke zagaye unguwanni da kura da gwaggon biri a ɗaure da sarƙa ana kiɗa ana tara kuɗi? Akwai namu a ciki, kuma kowa ya sani. Na ga kurar da aka ɗaure wa baki da igiya da tsakar rana, kwalta ta yi zafi tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yara sun kewaye ana shewa. Yaron da ya yi wannan shewar ranar Asabar, ranar Litinin ka kai shi Lekki ka ce ya tausaya wa dabba?

Garba_Mile12:
Sagir ka bi a hankali. Wasan kura gado ne, wasu gidajen da shi aka san su tun kaka da kakanni. Kuma ba Bahaushe kaɗai ke wannan ciniki ba. Je kasuwar kifi ta Epe ka ga naman dajin da ake sayarwa, su wa ke saye?

Sagir_Obalende:
Ban ce mu kaɗai ba ne. Na ce mu gyara namu.

Ustaz_IdiAraba:
Allah ya yi muku albarka, kada abin ya zama rigima. Malam Nura, tunda makarantarku tana da ɓangaren Islamiyya, kana da abin da ya fi kowane allon sanarwa ƙarfi. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Haka na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Yaranmu sun haddace waɗannan, amma ba mu cika haɗa musu su da danƙon da ke aljihunsu ba. Farauta don ci halal ce da sharuɗɗanta. Harbe tsuntsu don wasa a jefar, wannan an hana. Ka karantar da su wannan kafin tafiya, ba a cikin mota ba.

Ga Malam Garba kuma, gado ba ya halatta azabtar da dabba. Amma na yarda cewa wanda za a ce ya bari, sai an duba abin da zai ci.

Maman_Ikram:
Ni tambayata ɗaya, macizai fa? Ina jin tsoro wallahi.

Bilkisu_Akoka:
Maman Ikram, daji ne, akwai su, har da kada da guza. Shi ya sa ake bin hanyar katako, ake kuma tafiya da jagora. In yara ba su sauka ba, ba su zura hannu cikin ciyawa ba, in sha Allahu lafiya lau. Su sa takalmi rufaffe, ban da silifas.

DanAlkaleri:
Wani abin da ya kamata a gaya wa yaran Legas musamman shi ne ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ake kira pangolin da Turanci. Mutane da yawa ba su san cewa tashar jiragen ruwan garin nan tana cikin manyan hanyoyin da ake fitar da ɓawonsa zuwa Asiya ba. Kwastan sun sha kama kwantenoni. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon a Abuja, a Janairun 2024 kuma aka niƙe hauren giwa kimanin tan 2.5. Ka yi tunanin dabba nawa aka kashe kafin a tara tan guda na ɓawo. Kuma dabba ce da ba ta cizo, in ta ji tsoro naɗewa kawai take yi, mafarauci ya ɗauke ta ya sa a buhu.

Malama_Rabi_Ijora:
Malam Nura, ni na taɓa raka wata makaranta irin wannan fita, ba tamu ba, kuma abin da na gani shi ne ainihin abin da kake tsoro. An raba wa yara abinci a farar robar nan ta tekawe, da fiya wata bibbiyu. Malamai suka koma gefe suna hira. Da muka tashi, filin ya yi fari da leda, iska tana kwasa tana kai wa cikin ruwa. Ma'aikacin wurin, dattijo, shi ya bi yana tsincewa yara suna kallonsa. Darasin da suka ɗauka ranar shi ne akwai wanda aikinsa ne ya kwashe musu shara.

Yanzu dai gwamnatin Legas ta hana farar robar tun Janairun 2024, to kada ma ku fara. Kowane yaro ya zo da abincinsa a kula ko kwanon gida da gorar ruwansa. Ku ɗauki jarka babba ku riƙa cika musu. A ba kowane rukuni buhu guda, sharar da kuka shiga da ita ku fito da ita. Kuma malamai su fara tsincewa, kada a tsaya ana ba da umarni.

Sannan ka raba su biyar biyar, kowane rukuni da littafi da fensir. Wasu su ƙirga tsuntsaye, wasu su zana ganye iri uku, wasu su rubuta sautin da suka ji. A samu wuri a ce kowa ya yi shiru na minti biyar. Yaro in ba ka ba shi aiki ba, ihu zai yi, ihu kuma yana korar duk abin da kuka zo gani.

Oga_Danladi_Direba:
Ta ɓangarenmu na direbobi: ku ɗauki babbar mota ɗaya maimakon ƙanana uku, mai zai ragu, kuɗi zai ragu. Ku tashi da an idar da sallar asuba, in kuka bari rana ta fito cunkoso zai cinye rabin ranar, mota tana tsaye tana shan mai a banza. Ban da Juma'a. Kuma a gaya wa direba ya kashe inji in kun shiga, wasu sai su bar shi yana aiki don sanyin esi. Idan kun hau gadar Third Mainland ku sa yara su dubi ruwa, za su ga masunta da gidajen Makoko, in an dace har gumaguman katako da ake jawowa ta ruwa. Ka tambaye su daga wane daji aka saro su.

Garba_Mile12:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar yaron da ubansa ba shi da kuɗin. Rabin aji su tafi, rabi su zauna suna jin labari?

Baba_Mahauci:
Garba, abin da na faɗa ba ya buƙatar mota. Malam ya kawo su wurinmu, ko ni in zo makarantar da ƙafata. Akwai tsofaffi irina da yawa a Agege, wani mafarauci ne a da, wani makiyayi, wani masunci. Kowa ya san abin da ya gani yana yaro wanda babu shi yanzu. Ni na ga gauraka a fadamar garinmu garke guda.

Malam_Nura_Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, ranka ya daɗe, za mu zo mu ɗauke ka, kai za ka fara yi musu magana mako guda kafin tafiyar. Ustaz zan haɗa da ayar da hadisan. Malama Rabi, tsarin rukuni da buhun shara na ɗauka, kuma ina so bayan mun dawo su yi irin wannan ƙirgar a unguwa: tsuntsu nawa, bishiya nawa, leda nawa a kwatar ƙofar makaranta. Maganar Malam Garba ita ce ta fi yi mini nauyi. Zan kai ta gaban shugaban makaranta da kwamitin iyaye, ko dai a tafi da kowa ko a sake shawara.

Sagir_Obalende:
Ni har yanzu ina ganin fita ɗaya a shekara ba ta canza yaro in gidansu ana ajiye aku a keji. Iyayen ya kamata a cika motar da su.

Hajiya_UmmuSadiq:
Sagir, ai ta wurin yaran ake shiga gidan. Ni autata ce ta sa na daina ƙona leda a bayan gida.

Garba_Mile12:
Malam Nura, in kwamitin ya zauna ka faɗa mana yara nawa ne ba su biya ba. Zan yi magana da mutanen layinmu na 'yan albasa, amma ban yi alkawari ba. Kuma Oga Danladi, babbar motar nan da kake faɗa, mutum nawa take ɗauka, kuma nawa za ka yi mana ita zuwa da dawowa?